Ba a Rubutu a Kan Fuskar Auta

Sufeto bai ko zauna a kujerarsa ba aka kawo rahoton. An tarar da gawar wani dattijo a ɗakin karatunsa, kuma ga dukkan alamu shi ya kashe kansa.

Sajan ne ya ja motar. Ƙato ne mai gashin baki, wanda ya taɓa kama ɗan fashi da hannu ɗaya, amma in aka ce gawa ce sai ka ji ya fara addu'o'i ƙasa-ƙasa tun daga bakin ƙofar ofis.

Gidan yana ƙarshen wani lungu. Tsakar gida ce ta siminti da igiyar shanya, sai ɗakuna uku a jere ta hannun dama. Na farko wani ɗan haya ne a ciki, mai gyaran wayoyi da kwamfutoci. Na ƙarshe an garƙame shi da kwaɗon da ya fara tsatsa. Na tsakiya shi ne ɗakin karatun.

Dattijon yana zaune, kansa a kife a kan tebur, tabarau ya zame masa zuwa goshi. Baba kowa ke kiransa a unguwar. Ya ƙare ƙuruciyarsa a gidan buga littattafai yana gyaran rubutu, har yanzu ga jajayen birukansa cike da wani gwangwani. A gefen hannunsa akwai kofin shayi da aka sha rabi, da fankon ƙwayoyin ciwon zuciya, an ɓare su tas.

Kwamfutar tana kunne, tsohuwa ce ta kan tebur, fankarta na ta ƙugi. A saman allon ga ƙananan shafukan intanet a jere kamar haƙoran mataji, kowanne da ɗan sunansa. Wanda ke buɗe shi ne na farko daga hagu, kuma bayani ne a kan yawan ƙwayoyin da ke tsayar da zuciyar mutum.

"To, ai magana ta ƙare," in ji Sajan daga bakin ƙofa. "Allah ya yafe masa."

"Bai kashe kansa ba."

Matar marigayin ce. Tana tsaye a jingine da bango, idanunta a bushe. Ta kwana asibiti wajen jinyar ƙanwarta, da ta dawo da safe ta tarar da shi haka.

"Mama, me ya sa kika ce haka?" Sufeto ya tambaye ta.

"Wanda ke jiran ɗansa ba ya tafiya, yaro."

Kafin ya nemi ƙarin bayani aka ji gudu a tsakar gida. 'Yar marigayin ce, da fararen kayan asibiti a jikinta, don nas ce kuma daga aikin kwana take. Mijinta na biye da ita, wani siriri mai tsawo, direban babbar mota da ake kira Dogo. Ɗan hayan ma ya matso yana leƙe ta bayansu.

Nas ta durƙusa ta riƙe ƙafar mahaifinta tana kuka. Can ta ɗago, idonta ya sauka a kan allon, sai kukan ya tsaya cak.

"Ina Auta?" ta ce.



"Wane ne Auta?" in ji Sufeto.

"Ƙanena. Shekara da shekaru ke nan da ya ɓata. Ya gama karatu, ya tafi neman aiki wani gari, har yau ko labarinsa." Ta nuna allon da yatsa. "Shafin farkon nan nasa ne. Akwai wani dandali da ake sa hotunan waɗanda suka ɓata, a nan Baba ya sa hotonsa. Tun ranar bai taɓa rufe shi ba. Har babban batir ya haɗa wa kwamfutar don ko an ɗauke wuta kada ta mutu."

"Wataƙila jiya ya rubuta wani abu a kansa."

"Baba? Yallaɓai, ba ka san shi ba. Kullum a saman hoton yake rubuta adireshin duk inda zai shiga, amma kafin ya buga babban maɓallin nan sai ya danne wannan ƙaramin na hagu da ɗan yatsansa." Ta nuna su biyun ba tare da ta taɓa ba. "In an yi haka, sai abin ya buɗe a sabon shafi can gefe, na farkon yana nan yadda yake. Auta ne ma ya koya masa. Shi ya sa ka ga shafuka birjik. Cewa yake, ba a rubutu a kan fuskar ɗansa. Ko jikansa ya hau kwamfutar sai ya tsaya a kansa."

Sufeto ya naɗe hannunsa da hankici, ya kama linzamin kwamfutar, ya danna 'yar kibiyar da ke mayar da shafi baya.

Bayanin ƙwayoyin ya gushe. Fuskar wani saurayi ta cika allon, da ɗan murmushi da wushirya, idanunsa kai tsaye a kan duk wanda ke ɗakin.

Sai a lokacin Mama ta yi baya za ta faɗi. Dogo ne ya tare ta, ya fita da ita, kansa a sunkuye.

Aka ɗauki gawar zuwa wurin likita. Sufeto ya so tafiya da kwamfutar, amma ya san in aka kashe ta shafukan na iya ɓacewa, ga shi masanin kwamfuta na hedikwata ba ya gari. Ya bar ta a kunne, ya kulle ɗakin, ya jefa makullin a aljihunsa.

Washegari likitan ya kira shi ofishinsa, ya ɗaga masa kofin shayin a cikin leda.

"Dubi gindin kofin. Garin ƙwaya ne. An niƙe su lilis, aka zuba sukari mai yawa a kai don a ɓoye ɗacin."

"Wanda ya yi niyyar mutuwa yana damuwa da ɗaci?"

"Haɗiye su yake yi da ruwa. Ban taɓa ganin wanda ya yaudari harshen kansa ba."

Bayan an binne Baba, Sufeto ya koma gidan, ya zauna a zaure yana kiran su ɗaya bayan ɗaya.

"Ke kike karɓo masa magani?" ya tambayi Nas.

"Ni ce. A aljihun teburinsa yake ajiyewa. Kowa a gidan nan ya sani."

"Ya canza a 'yan kwanakin nan?"

Ta ɗan yi tunani. "Ranar da abin ya faru na kira shi da rana, muryarsa wani iri. Ya ce wani ya yi masa waya a kan maganar Auta, ya karanto masa wani adireshi ya rubuta. Na ce me ya gani, ya ce sai mun haɗu. Irin waɗannan wayoyin sun saba zuwa, yallaɓai, mafi yawa 'yan damfara ne. Ban ɗauke ta da muhimmanci ba."

Dogo ya shigo ya tsuguna, ya ƙi hawa kujera.

"Ina kake ranar?"

"Ina hanya, ranka ya daɗe. Na kai kaya. Da asuba na shigo gari."

"Ka san Auta?"

"Abokina ne tun kafin in auri yayarsa. Ni ma na rage masa hanya ranar da ya tafi. Na sauke shi a tasha, ya hau wata motar. Ganina da shi ke nan." Ya share ido da bakin riga. "Sunansa ma na sa wa ɗana."

Ɗan hayan kuwa tun kafin a tambaye shi ya fara rantsuwa. Bai taɓa shiga ɗakin ba, bai taɓa taɓa kwamfutar ba, shi da Baba sai gaisuwa.

"Mai gyaran kwamfuta yana kwana bango ɗaya da tsohuwar kwamfuta, kuma ba a taɓa kiransa ba?" in ji Sufeto.

"Wallahi, yallaɓai."

Sufeto ya sallame shi. Ya tura Sajan tashar manyan motoci ya yi 'yan tambayoyi.

Sajan bai kai ga dawowa ba wayar Sufeto ta yi ƙara. Nas ce, numfashinta sama-sama.

"Yallaɓai, ka zo. Baba yana rubutu."

Rana tsaka ce, tana dukan tsakar ka, amma da ya shiga gidan sai ya ji kamar an zuba masa ruwan sanyi a ƙeya. Masu zuwa gaisuwa sun watse daga tabarmi sun taru can jikin ƙofar fita, wasu mata sun rufe fuska da mayafi. Ƙugin fankar kwamfutar kaɗai ake ji ta tagar ɗakin karatun.

Mama ce ta gani. Ta zo wucewa, ta leƙa ta tsakanin ƙarafan tagar don ta ga fuskar ɗanta kamar yadda ta saba, sai ta ga haruffa suna fitowa ɗaya bayan ɗaya a saman kansa, kujera kuwa ba kowa.

Sufeto ya duba kwaɗon. Yana nan yadda ya bar shi. Ya buɗe ya shiga. Ɗakin na warin tsofaffin takardu da ɗan sauran turaren mamacin. Madannan kwamfutar suna nan, har ƙura ta fara kwanciya a kansu.

A can ƙarshen jerin, ta dama, an sami ƙarin shafi guda wanda bai bari ba. Ya matsa ya karanta abin da ke rubuce a samansa:

kuyafemin nina sha dkaina

Ya koma shafin farko. Auta yana nan, yana murmushi. Ba a taɓa fuskarsa ba.

Sufeto mutum ne da ya ga abubuwa, amma sai da tsikar jikinsa ta tashi. Ya tsaya yana sauraren ɗakin kamar mai jiran wani ya yi gyaran murya a bayansa.

"Irin yadda Baba yake yi ne," Nas ta faɗa daga bakin ƙofa. "A sabon shafi. Yallaɓai, ko dai da gaske shi ne?"

Mama ta ratsa ta gefenta ta shigo. Ta ɗauki tabaran mijinta daga kan tebur ta ɗora a hancinta, ta sunkuya, ta daɗe tana kallon rubutun. Sannan ta miƙe ta yi tsaki.

"Wannan ba mijina ba ne."

"Mama..."

"Na zauna da mutumin nan tun ina da ƙuruciya. Wasiƙar da na rubuta masa muna saurayi da budurwa sai da ya dawo mini da ita da jan biro. Ko a cikin kabari yake ba zai haɗa 'ku' da 'yafe' ba. In fatalwa ce, to ta wani gidan ce."

Sufeto ya gyaɗa kai. Ya zagaya bayan teburin, ya durƙusa, ya haska bayan kwamfutar da fitilar wayarsa. Cikin tarin wayoyi da yanar gizo-gizo ya hango wani ɗan baƙin abu a soke, bai fi farcen babban yatsa ba. Bai taɓa shi ba. Ya fito ya kulle ɗakin, ya nufi ɗakin ɗan hayan ya tura ƙofa.

"Mene ne ɗan baƙin abin da ke soke a bayan kwamfutar da ba ka taɓa taɓawa ba?"

Mai gyaran ya zube a ƙasa. "Ka rufa mini asiri, yallaɓai. Tsoro ne ya sa na yi ƙarya. Ni na sa shi, tun bara. Baba ya yi ciwon baya, na kawo masa madannai marasa waya don ya riƙa rubutu daga kan doguwar kujera. Wancan abin shi ke karɓar saƙonsu. Bai so su ba, ya ce suna cinye masa haruffa in batir ya yi sanyi. Ya ajiye su, ban san inda suka shiga ba."

"Suna aiki ta bayan bango?"

"In kusa ne, suna yi. Amma mutum ba ya ganin abin da yake rubutawa."

"Ta yaya zai san ya faɗa wurin rubuta adireshi?"

"Akwai maɓallan da ke kai shi can ko ido rufe. Duk wanda ya ɗan zauna a shagon intanet ya san su."

Sufeto ya birkice ɗakin ɗan hayan tas, bai sami madannan ba. Saura bango ɗaya.

Ya ja Mama gefe ya tambaye ta ɗakin da ke garƙame.

"Na Auta ne. Yadda ya bar shi haka yake. Makullin yana rataye a ƙusa bayan ƙofata."

Ya bari sai da maza suka fita salla, mata suka shige ciki, sannan ya buɗe. Ɗakin yana da wata ƙofar ta baya da ke fita lungu, makulli ɗaya ke buɗe su. Riga tana rataye a bango, kafaɗunta sun yi fari da ƙura. Takalman ƙwallo a ƙarƙashin gado, littattafai a kan taga. Komai ya yi ƙura, in ban da gefen katifar da ke manne da bangon ɗakin karatu, inda wani ya zauna ya bar gurbinsa. Ya ɗaga katifar. Ga madannan nan a kwance.

Ya mayar da katifar yadda take, ya kulle, ya mayar da makullin ƙusarsa.

A mota ya tarar da Sajan yana fifita da hularsa.

"Yallaɓai, motar Dogo tana gareji. Makanikai sun ce tun kafin rasuwar aka sauke injinta. Ba inda ya je."

"Madalla. Gobe ina da aiki na musamman da zan ba ka. Za ka shiga cikin kabad ɗin kayan yaron da ya ɓata ka zauna."

Sajan ya daina fifita. "Yallaɓai, ina da iyali."

"Fatalwar nan tana da ƙafafu, Sajan. Kai dai ka riƙe ankwa."

Abin da ya hana Sufeto sukuni shi ne dalili. Ƙarya a kan tafiya ba ta isa ta rataye mutum ba, kuma ya kasa gano abin da zai sa suruki ya niƙa wa tsoho ƙwaya a shayi. Duk inda ya juya a ranar, fuskar nan mai wushirya yake gani.

Washegari da hantsi ya koma gidan. Tuni Sajan ya shige ta ƙofar lungu, aka kulle aka mayar da makullin ƙusarsa. Sufeto ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Mama, ni abin nan ya fi ƙarfina. Manyana sun ce anjima za a zo a kwashe kwamfutar a kai hedikwata a buɗe cikinta. Ni kuwa da marigayi zai sake magana a gabana, in gani da idona, da na rufe fayil ɗin nan na huta, kowa ma ya huta."

Ya buɗe ɗakin karatun, ya sa wa Mama kujera, Nas ta tsaya a bayanta. Dogo ya ce bari ya je ya sayo ƙanƙara saboda baƙi, ya fita.

Suka yi ta jira. Fanka na ƙugi. Auta na kallonsu. Wani ƙuda ya sauka a kan allon ya tashi. Har Sufeto ya fara tunanin tarkon bai kama ba.

Sai harafi ya fito a saman kan Auta.

g

Nas ta damƙe kafaɗar uwarta.

a

Daga nan shiru. Ba wani harafin da ya biyo. Amma sauran layin ya cika da kansa a lokaci guda, wani dogon adireshi da ya fara da kalmar gawarwaki. Sufeto ya san wannan ɗabi'ar ta kwamfuta: in ka fara rubuta adireshin da aka taɓa rubuta mata, sai ta ƙarasa maka. Wanda ke bayan bango yana can yana ta buga jimlarsa, batir ya cinye sauran haruffan, bai sani ba. Can ya danne ƙaramin maɓalli, ya buga babban.

Sabon shafi ya buɗe a gefe.

Na wani asibiti ne a wani gari mai nisa, inda suke sa hotunan kayan gawarwakin da ba a san danginsu ba. Rubutun ya ce masu haƙar ƙasa ne suka ci karo da ƙasusuwan wani saurayi a wata tsohuwar rijiya kusa da babbar hanya. Hoton farko bel ne da agogon hannu. Na biyu tampol ɗin da aka naɗe shi a ciki, irin na rufe kayan babbar mota, ya ruɓe amma ana iya karanta abin da aka rubuta a jikinsa da farin fenti: SAIDOGO MAIDARE.

Mama ba ta yi kuka ba. Ta miƙa hannu ta shafa agogon a jikin allon.

"Babansa ne ya saya masa," ta ce. Idonta ya koma kan tampol ɗin. "Wannan kuwa har tsiya Baba ya yi wa mai shi, ya ce wa ya hana shi raba kalmomin."

Nas ta toshe baki da hannu, ta gane tampol ɗin mijinta.

Ta bayan bango aka ji kabad ya buɗe da ƙarfi, wani abu ya faɗi, sai muryar Sajan kamar tsawa: "Kada ka motsa! Ashe kai ne fatalwar!"

Ya shigo da Dogo, hannu ɗaya a ƙugun wandonsa, ɗayan riƙe da madannan. Dogo ya fara cewa shi fa tsintar su ya yi, yana dubawa ne kawai. Sai idonsa ya kai kan allon. Ya dubi tampol ɗin, ya dubi madannan da ke hannun Sajan.

"Ba wannan na rubuta ba," ya ce a hankali. "Na rufe shi. Da hannuna na rufe shi."

"Kai ka buɗe shi yanzu," in ji Sufeto. "Zauna ka faɗa mana."

Dogo ya sulale ƙasa, ya jingina da ƙafar teburin.

"Ban yi niyya ba. Muna tafe da shi, magariba ta kawo kai, na banke wani mai keke. Na taka mota na wuce. Auta ya ce in juya mu kai shi asibiti. Na ce in na tsaya kashe ni za a yi. Ya ce to shi zai faɗa wa 'yan sanda, kuma zai faɗa wa yayarsa irin mutumin da za ta aura. Na tsaya a daji, muka fita, muka kama kokawa. Ƙarfen jak na ɗaga mota ne ya zo hannuna. Sau ɗaya na buga."

"Sannan ka dawo ka aure ni," in ji Nas. Muryarta ba ta yi kama da tata ba. "Ka sa wa ɗana sunansa. Kana kiran sunan nan safe da yamma."

Bai dube ta ba.

"Baba fa?" in ji Sufeto.

"Ya kira ni da la'asar, ya nuna mini wannan. Bai yi faɗa ba. Ya ce saboda 'yarsa da jikansa ya ba ni zuwa safe in kai kaina da ƙafata. Na durƙusa na yi kuka, na ce na yarda. Na ce bari in haɗa masa shayi, don na ga jikinsa na rawa." Ya sunkuyar da kai. "Har godiya ya yi mini."

"Me ya sa ka rubuta a kan shafin farko? Ga shafuka nan da yawa."

Dogo ya ɗaga kai ya saci kallon allon, ya kawar da sauri.

"Da na rufe wancan, sai fuskarsa ta fito. Yana kallona. Duk shekarun nan in na shigo ɗakin nan kallona yake. Na kasa jurewa, na rubuta a kansa don ya tafi. Da na ji abin da ta faɗa muku, na san na yi kuskure. Na ce in Baba ya yi magana da kansa, kowa zai haƙura."

Sajan ya danna masa ankwa. Suka ratsa tsakar gidan da shi, mutanen da ke kan tabarmi suna janye ƙafafunsu kada inuwarsa ta taɓa su. A bakin zaure ya waiwayo yana neman idon matarsa, ita kuwa ta riga ta juya masa baya.

Sufeto ya tsaya rubuta sunan asibitin a bayan hannunsa. Da ya ɗago, ya ga Mama ta fito daga ɗakinta da mayafi da 'yar jakarta, da wani sabon farin yadi a naɗe a hammata.

"Mama, ina zuwa?"

"Motarku za ta iya kai ni tasha?"

"Garin da nisa. Ki bari mu yi musu waya, mu cika takardu, in ya so wani satin..."

"Yaro," ta katse shi, tana gyara yadin, "ɗana ya daɗe a hannun baƙi. Mu je."

Sufeto ya karɓi jakar daga hannunta, ya wuce gaba ya buɗe mata ƙofa.